Jan Zare a Bakin Singileti

Takardar ta faɗo kan keken ɗinkina tun kafin in ɗago kai, allura ta bi ta kanta ta huda ta sau uku.

"Karanta," in ji Maman 'Yan Biyu.

Ba sallama, ba gaisuwa. Matar da katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nata tun ina rarrafe, wadda ita ta fara koya min zura zare a allura. Mayafinta a karkace, takalman ƙafarta ɗaya nata ɗaya na wani.

Na zaro takardar. Fuskata ce. Ni ce zaune a wannan kujerar, cikin doguwar rigata ruwan toka, singileti a hannuna, ina murmushi har haƙorana a waje. A ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe: NI NA BA DA YAYANA. KE WA ZA KI BAYAR?

"Mama, wallahi ban..."

"Kar ki ce min Mama. Akwai irinta a bakin kasuwa, girman bangon ɗaki. Akwai a tasha. Ƙaramin 'yan biyuna ya tsaya a gabanta jiya har ƙafarsa ta gaji, yau da safe ya je ya ba da sunansa a shiga soja." Muryarta ba ta tashi ba, ni kuwa da ihu ta yi min da ya fi min sauƙi. "Kin san me ya ce min? Ya ce, Mama, ita guda ɗaya gare ta ta bayar, ke kina da biyu."

Ta buɗe leda ta ciro sabuwar singileti, ko ninkinta ba a warware ba, ta ajiye a kan hoton.

"Ɗinka lambar wayata. Tunda kin iya aikin biyu, ki tura su, ki kuma sa musu alama."

Ta juya ta fita. Labulen shagon ya daɗe yana kaɗawa.

Masu karatu, kafin ku fara zagina a ƙasan wannan rubutun, bari in gaya muku yadda aka yi, in ya so ku zage ni da hujja.

Mu biyu Umma ta haifa, ni da Yaya. Shi soja ne, shekararsa ta biyu ke nan a bakin daga. Ni tela ce, a gida Auta ake kirana. Zuwansa hutu na farko ya ba ni labarin wani abokinsa da aka binne, uwarsa ba ta ji ba sai bayan wata biyu, tana ta aika masa sabulu da man shafawa. Ranar da zai koma na ɗauki singiletinsa guda uku, na ɗinka lambar wayata a bakin kowace daga ciki, da jan zare, da hannu. Tawa na sa ba ta Umma ba, saboda hawan jininta. Na ce, "In wani abu ya faru, wanda ya ɗauke ka zai gani ya kira." Ya yi dariya ya ce na mai da shi buhun kaya a tasha, amma ya sa.

Daga nan magana ta bazu. Duk ranar Alhamis iyaye mata da matan sojoji suke cika shagona, kowace da singiletinta da lambarta a ɗan guntun takarda. Muna ɗinki, muna haɗa safa da sabulu da maganin ƙaiƙayin ƙafa a kwali, muna kuka muna dariya. Ba mu taɓa maganar waye da gaskiya a yaƙin ba. Mu dai namu muke so su dawo.

A irin wannan Alhamis ɗin wani saurayi ya shigo rayuwata. Dogo, farin gilashi, ƙamshin turarensa yana riga shi shiga ɗaki. Yana aiki a ofishin da ke shirya tarukan ƙarfafa gwiwa, shi ke riƙe abin magana. Yaya ne ya raɗa masa Lasifika, sunan kuma ya bi shi har bakin Umma. Ba zan yi muku ƙarya ba, na so shi. Shi ya samo mana motar da ke kai kwalayenmu. Shi ya gyara min fankar shago. Wata huɗu da suka wuce manyansa suka zo suka gana da Kawu. Hoton nan ma shi ya ɗauka, ya ce na wayarsa ne, zai riƙa kallo in ya yi kewata. Murmushin da ke ciki kuwa saƙon muryar Yaya nake saurare a lokacin.

Na ɗauki wayata na rubuta masa: "Wa ya ba ka izini?"

Nan take ya amsa: "Kin gani ko? Kin yi kyau gimbiya."

"Na ce wa ya ba ka izini. Yaushe na ce na ba da yayana?"

"Salon magana ne kawai. Ki kwantar da hankalinki, da la'asar ina zuwa gida. Ina da abin da zai sa Umma ta yi rawa."

Na kifa wayar a kan tebur. Singiletin Maman 'Yan Biyu tana kallona ina kallonta, na kasa taɓa ta.

Da na koma gida na tarar an shimfiɗa sabuwar darduma a falo, an fito da kofunan gilashin da ba a taɓa su sai baƙo mai daraja. Kawu, ƙanin Umma, ya harɗe a kujerar marigayi Baba da rediyonsa a cinya. Kawu duk yaƙinsa a gaban rediyon nan yake yinsa. Ya ci garuruwa sun fi ashirin daga kan kujera, ko ƙaya ba ta taɓa soke shi ba.

"Ga jarumarmu," ya ce. "Yau a majalisa har tashi aka yi aka ba ni hannu saboda ke."

Lasifika yana zaune a ƙasa kusa da ƙafafun Umma, kamar ɗan kirki. Ya buɗe jakarsa ya zaro takarda mai tambari ya miƙa mata da hannu biyu. Umma ba ta karatu sai da tabarau, ta miƙo min.

Takardar sauya wurin aiki ce. Sunan Yaya, lambarsa ta soja, komai daidai. An ɗauke shi daga bakin daga an mai da shi ɗakin ajiyar kaya a barikin cikin gari, tafiyar minti ashirin daga gidanmu. Wurin sa hannu ne kawai babu komai.

"Maigidana ya yi magana da wanda zai sa hannu," in ji shi. "Gobe akwai babban taro a filin makaranta. Abu ɗaya suke so. Yarinyar hoton ta tsaya ta karanta 'yan layuka. Minti biyu."

Ya miƙo min wata takardar. Na karanta a tsaye. Farkonta ba laifi, addu'a ce ga sojoji. Sai ƙarshen: Ba ma son a tsaya. Ba ma son sulhu. Duk gidan da ke da saurayi ya fito da shi, kamar yadda na fito da nawa.

"Ba zan faɗi wannan ba."

Kawu ya kashe rediyo. "Kin ji ta ko? Ke ba ke ce kullum cikin hidimar sojoji ba?"

"Ni singileti nake aikawa, Kawu. Ban taɓa aika mutum ba."

"Ai duk ɗaya ne. Wanda yake son soja dole ya so abin da soja ya je yi."

"To shi Yaya an tambaye shi ko yana son abin da ya je yi?"

Lasifika ya gyara gilashinsa, ya yi min muryar nan tasa mai taushi wadda a da take narkar da ni. "Auta, ki yi tunani. In ba a ƙara mutane ba, wa zai canji waɗanda suka gaji? Kina son yayanki ya dawo, to dole wani ya tsaya a inda ya bari. Haka abin yake. Ba ni na tsara ba."

"Wanin nan ɗan wace ce?"

"Wannan ba matsalarki ba ce."

"Tun safe ta zama matsalata. Ɗan Maman 'Yan Biyu ne."

"Yaro ya yi abin maza," in ji Kawu.

"Kawu, naka uku ne. Wanne za ka bayar?"

Kawu ya ce babban yana da ciwon ƙirji, na tsakiyan yana karatu, sannan ya tuna ashe rashin kunya aka yi masa, ya fara faɗa. Ban ji ko rabin abin da ya ce ba, domin Umma ta kama bakin rigata.

Umma ba mai yawan magana ba ce. Kwana ashirin da huɗu ke nan ba mu ji daga Yaya ba. Lasifika ya ce layin waya ne ya lalace a yankinsu, kowa haka yake fama. Tun daga lokacin Umma take yawo da wayarta a hannu har banɗaki, abincinta ya koma shayi da rabin burodi.

"Auta," ta ce, "ni ban san sulhu ba, ban san rashin sulhu ba. Ban san sunan garin da ake faɗa a kansa ba. Ɗana na sani." Ta ɗora tafin hannunta a kan takardar mai tambari kamar mai taɓa goshin mara lafiya. "Minti biyu aka ce. Na yi naƙudarsa kwana biyu."

Na shige ɗaki na rufe ƙofa. Na kunna saƙon Yaya na ƙarshe, wanda na saurara ya fi sau ɗari. Iska tana kaɗawa a bayansa.

"Auta, safa ta ƙare, ki turo masu kauri. Ki ce wa Lasifika ya rage ihu, har nan muna jiyo shi." Ya yi dariya, dariyar ta katse. "Ke, ban da wasa. Kar ki bari kowa ya zo nan saboda ni. Ki gaida Umma."

Na san abin da kuke jira. Kuna jira in ce na hau dandamali na yaga takardar, na faɗi gaskiya, jama'a suka yi shiru, aka kashe abin magana. Ni ma haka na tsara a raina. Har kalmomin na haɗa ina wanka.

Washegari da hantsi filin makaranta ya cika. Rumfuna, kujerun roba, 'yan makaranta da tutoci, masu manyan riguna a layin gaba suna danna waya. An ce in sa rigar da ke cikin hoton don a gane ni. A gefe, ƙarƙashin bishiya, an ajiye tebur da mutum biyu da babban littafi, ba kowa a gabansu. Lasifika ya yi ta zuba, muryarsa tana dukan bangon azuzuwa tana dawowa. Sannan ya ce, "Ga ƙanwar soja, ga 'yar halak," ya miƙo min abin magana. Da zai saki ya ɗan buɗe jakarsa yadda zan hango tambarin.

Na duba layi na uku. Umma tana zaune, wayarta a hannu, leɓunanta suna motsi.

Na karanta. Duka. Ban tsallake ko kalma ɗaya ba. Muryata ma ba ta yi rawa ba, abin da har yanzu na kasa yafe wa kaina ke nan. Na ce ba ma son a tsaya. Na ce ba ma son sulhu. Na ce duk gidan da ke da saurayi ya fito da shi. Aka yi tafi kamar ruwan sama a kan kwano, wani mai babbar riga ya share ido da hankici, masu ɗaukar hoto suka yi ta walƙiya.

Ina saukowa na kalli gindin bishiyar. Layi ya kafu. Ban so in ƙirga ba, idona ne ya ƙirga. Goma sha tara. Akwai mai gyaran babur na bakin layinmu, da man inji a hannunsa. Akwai ɗan mai shayi, wanda gemunsa bai gama fitowa ba. Wani ya ɗago min hannu yana murmushi, kamar mai cewa kin ga na ji maganarki.

A bayan rumfa na yi amai. Lasifika ya miƙo min ruwa ya ce, "Zafin rana ne. Kin yi ƙoƙari gimbiya, maigidana ya ji daɗi."

Yau Alhamis. Na buɗe shago ina fatan kada kowa ya zo.

Tsofaffin matan da muka saba ba su zo ba. Matar da ke kawo sabulu ta turo saƙo layi ɗaya: "Mun gan ki a talabijin." Ba ta ƙara komai ba, ban tambaya ba. Amma benci bai zauna haka ba. Sababbi suka zo, ɗaya bayan ɗaya, fuskokin da ban saba gani a nan ba, kowace da leda. Uwar mai gyaran babur. Matar mai shayi. Ba wadda ta zage ni. Sun zauna a jere, suna miƙo singileti da guntun takarda, ba sa kallon idona. Ɗaya ta ce, "A yi shi da ƙarfi, kada wanki ya cire." Na ce to.

Ta Maman 'Yan Biyu na fara ɗinkawa. Ba na buƙatar takarda, na haddace lambarta tun ina 'yar makaranta. Allura ta soke ni sau biyu, na goge jinin a zanina na ci gaba.

Wajen azahar motar Lasifika ta tsaya a ƙofa. Ya fito da Umma a gaba, ta sa mayafinta na fita unguwa, fuskarta a sake karon farko cikin wata guda. Tana rungume da ambulan a ƙirji.

"An sa hannu, Auta," ta ce tun daga bakin ƙofa. Sai ta ga matan benci, ta rage murya, ta sa ambulan ɗin ƙarƙashin mayafi kamar abin sata. Matan suka bi hannunta da kallo. Sun gane. Ba wanda ya faɗa musu, amma sun gane.

Lasifika bai lura da komai ba. Ya jingina da teburin yanka yana wasa da makullin mota. "Sati biyu, uku, zai iso. Sai maganarmu kuma, ko Umma? A daina ja min rai." Ya ɗauki singileti ɗaya ya juya bakinta, ya ɗan yatsine fuska. "Wannan aikin kuma ya kamata a sassauta shi. Maigidana ya ce yana kashe wa yara gwiwa, kamar ana shirya musu likkafani."

Na karɓe ta daga hannunsa. "Na karanta muku takardarku. Wannan nawa ne."

"Za mu yi maganar a gida."

"Wane gidan?"

Ya yi dariya, ya ɗauka wasa nake. Ni kaina ban san ko wasa nake ba. Abin da na sani shi ne na sayo yayana da 'ya'yan mutane goma sha tara, ga iyayensu zaune a gabana, kuma in aka ce a maimaita jiya ban tabbata ba zan sake karantawa ba. Ku rubuta abin da za ku rubuta a ƙasa. Ba za ku faɗi abin da ban riga na faɗa wa kaina ba.

Sallama aka yi daga waje, murya a shaƙe.

Mutum ne ya ɗaga labule da kafaɗa, domin hannunsa na dama a naɗe yake da bandeji har gwiwa, na hagu yana riƙe da baƙar leda. Ba kayan soja a jikinsa, riga ce mai faɗi da ta yi masa yawa, amma takalmin ƙafarsa irin na Yaya ne. Gefen fuskarsa ɗaya fata sabuwa ce, ja, mai sheƙi.

"Ina neman telar da ke jikin allon kasuwa."

"Ni ce."

Ya daɗe yana kallona. "Kun yi kama," ya ce.

Ya ajiye ledar a kan keke, ya buɗe da haƙori da hannu ɗaya. Singileti ce, ta koma ruwan ƙasa, rabinta a ƙone. Ya juyo bakinta. Jan zare. Bakwai ɗin farko a karkace take, domin a kanta na fara koyon ɗinka lamba, Yaya ya yi ta tsokanata cewa ta yi kama da sandar tsoho. Lambobi uku na ƙarshe babu su, wuta ta cinye.

"Na yi ta gwada lambobi daga gadon asibiti, ban dace ba," in ji shi. "Da aka sallame ni na kai ta ofishin masu taro, tunda an ce su ke hulɗa da iyalai. Yau kwana goma sha biyu. Suka ce in bar ta za su sanar, na ce a'a, alkawari na ɗauka hannu da hannu. Jiya na ga hotonki da singileti a hannu, na tuna ya taɓa ce min ƙanwarsa tela ce."

Ambulan ɗin Umma ya zame daga ƙarƙashin mayafi ya faɗi ƙasa. Ba wanda ya sunkuya.

Makullin mota ya daina ƙara. Baƙon ya juya wajen teburin yanka, ya ƙanƙance ido, sai fuskarsa ta saki kamar wanda ya ga ɗan garinsu a tasha.

"A'a, ranka ya daɗe. Ashe kai ma nan kake." Ya kalli Umma, ya kalle ni, ya sake kallon farin gilashin. "To ai ka riga ka faɗa musu ke nan, ko?"